Gobarar Hunturu a Ƙasar Gumel

Da zarar an gama kaka, duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari, ko ya ratsa ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, zai ga wahalar damina guda an tara ta wuri ɗaya: dammunan gero a rumbu, harawa bisa rufi da rassan itatuwa, karan dawa jingine da danga. A daidai lokacin ne kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa kan bushe ƙayau, iskar hunturu ta riƙa kaɗowa daga arewa maso gabas.

Masu ta da wutar sanannu ne: mai ƙona daji don neman gafiya, da mai ɗiban zuma, da mai jefar da guntun taba. An daɗe ana yi musu wa'azi. Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne yadda wutar take shiga gida.

Jama'a da yawa suna zaton sai harshen wuta ya iso bakin ƙofa sannan ɗaki ya kama. Alhali kuwa tartsatsi ne iska kan ɗauka ta yi gaba da shi, ta sauke a kan jinka ko tarin kara. A watan Nuwamba na 2018 gobarar daji ta cinye garin Paradise da ke gindin duwatsun Kalifoniya a Amurka, mutum 85 suka halaka, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone, ga shi kuwa ƙasa ce mai motoci da jiragen kashe gobara. Dokar wannan jiha ta wajabta wa mazauna irin waɗannan wurare su rage busasshen tsiro har tsawon ƙafa 100 kewaye da gida. Mu ba mu da duwatsu, sai jigawa da fili fetal, amma iskarmu ba abin da ke tare ta. Kuma a ƙauyenmu zanan wannan gida yana jikin na maƙwabci, rumbu yana jikin zana, ta yadda wuta in ta kama gefe ɗaya sai ta bi unguwa kamar an shimfiɗa mata hanya. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta keto yashi daga birni, sai dai ta tarar da toka.

Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe da gane haka. Bayan damina akan biya mutanen karkara su share dogayen filaye a makiyaya, domin wuta in ta iso ta rasa abin ci.

Ya 'yan'uwa ɗalibai, musamman 'yan masarautar Gumel, in kun je gida hutu ku sami mai unguwa da dagaci cikin ladabi, ku roƙi a kira gayya tun kafin iska ta yi ƙarfi. Za a ce muku ana ajiye harawa kusa da ɗaki ne saboda ɓarayi da dabbobi, kuma gaskiya ne; mai kai tumaki kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san darajarta. To, a killace mata wuri guda na gari, a sa mai gadi, ta kudu maso yamma, inda iska za ta kore tartsatsi daga gidaje. Sharar ciyawa kuwa a fara ta arewa da gabas, a kuma bar tazara tsakanin rumbu da zana.