Ra'ayinmu: Kwaɗon da ba ya kulle ƙofa

A ranar 31 ga Oktoba 2021 aka fitar da Linux 5.15, kuma cikin abubuwan da aka yi a wannan zubin har da cire wata tsohuwar hanyar kulle fayil da ake kira kullen dole. Mai karatu a Dougoï ko Garwa zai ce, to ina ruwana? Da ruwanka. Wayar Tecno ko Itel da ke aljihunka, in dai Android ce, a kan zuciyar Linux take tafiya, haka ma yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet. Zuciyar nan ita ce ɓangaren manhaja da ke tsakanin na'ura da sauran manhajoji, ita ke raba musu ma'adana da lokaci, ita ke cewa wane ya buɗe wane fayil.

Kulle fayil kuwa don kada manhajoji biyu su yi rubutu a wuri ɗaya lokaci ɗaya ne. Ɗauki kantin magani mai kwamfuta biyu da littafin lissafi ɗaya: in duka biyun suka rubuta tare, lissafi ya dagule. Linux na da hanyar da kusan kowa ke bi, wato kullen fahimtar juna. Kamar zanen da ake ratayawa a ƙofar banɗaki ne, duk mai hankali in ya gani zai jira, amma ba abin da zai hana marar kunya kutsawa. Shi kullen dole, wanda aka gado daga tsohon Unix na System V, alƙawarinsa ya fi girma. Cewa ya yi zuciyar da kanta za ta tare duk wanda ya zo karatu ko rubutu, ya duba alama ko bai duba ba.

Matsalar ita ce bai cika alƙawarin ba. Littafin bayanin Linux da kansa ya daɗe yana gargaɗin cewa ba abin dogaro ba ne, domin rubutun da ya riga ya soma na iya sauya bayanai bayan wani ya karɓi kullen. Ga shi kuma kunna shi ma aiki ne: sai an ɗora faifai da zaɓin mand, sannan a yi wa fayil ɗin wani saiti na izini na daban.

Mu dai muna goyon bayan cirewar, kuma ba don masu amfani da shi sun yi kaɗan ba kawai. Ɗan kasuwar da ya san ƙofarsa ba ta da kwaɗo zai kwana a shago ko ya ɗauki mai gadi. Wanda ya danna ruɓaɓɓen kwaɗo ya tafi gida ya yi barci, shi ne za a yi wa ta'asa. Banda haka, duk layin da aka bari a cikin zuciyar sai an samu mai duba shi a duk lokacin da aka taɓa na kusa da shi, masu wannan aiki kuma ba su da yawa.

Yadda aka cire shi ma abin a duba ne. Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a Finland a 1991, yana da ƙa'idar da ba ya wasa da ita: ba a karya wa masu amfani abin da ke yi musu aiki. Saboda haka ba a yi gaggawa ba. A 2015 aka mayar da kullen dole abin zaɓi, Fedora da Red Hat suka kashe shi a nasu, wasu suka bi. Aka jira shekara kusan shida. Jeff Layton, mai kula da wannan ɓangaren, ya ce a duk tsawon lokacin matsala ɗaya ya ji, ta wani da ya tarar da kalmar mand a saitinsa, alhali ma ba ya amfani da kullen. Ya goge ta ya ci gaba da harkarsa. Daga nan aka sa gargaɗi a 5.14, aka cire a 5.15.

Amma fa akwai inda muke da ja. Ma'aunin da aka yi amfani da shi shi ne "ba wanda ya koka". To su wa ke iya kokawa? Masu Turanci, masu intanet mai ƙarfi, masu aiki a kamfanonin da ke biyan su don su bi irin wannan muhawara. A nan Arewacin Kamaru kuwa, kwamfuta ta hannu muke saye, manhajar da wani ya ɗora shekara goma da suka wuce ita ke nan har yau, shi kuma ya koma Yawunde ko Duwala. Irin wannan ofis ba zai koka ba, don bai ma san ana shawara ba, sai ranar da aka sabunta na'ura. A kan kullen dole ba mu jin an cuci kowa a nan. Gobe kuwa abin da za a cire na iya zama manhajar da ke tafiyar da tsohuwar na'urar buga takarda da wani gidan kwafi a Marwa ke ci da ita.

Shi ya sa muke kira ga malaman kwamfuta a Jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008, da ta Ngaundere, da sabuwar Jami'ar Garwa ta 2022, su riƙa sa ɗalibai karanta sanarwar kowane sabon zubi, su gwada shi a kan irin tsofaffin na'urorin da ke hannun mutanenmu, su aika rahoto in wani abu ya tsaya. Ba a biyan ko sefa ɗaya don yin hakan.

Ga mai kula da kwamfutar ofis ko ta makaranta: buɗe /etc/fstab ka duba ko akwai mand. Sabuwar zuciyar ba za ta ƙi tashi ba, za ta rubuta gargaɗi ne kawai ta wuce, fayil ɗin kuma a buɗe yake. In manhajar lissafinku ta dogara da wancan kullen, a nemi wanda ya rubuta ta ya mayar da ita kan kullen fahimtar juna kafin a sabunta.