Da Zomon Disney Bai Kuɓuce Ba: Tambayar Da Ta Kauce Wa Hanya

Marubuta tarihin fina-finan zane, waɗanda yaranmu ke kira katun, suna da wani wasa da ba su gajiya da shi. Sai su ce: da a ce a 1928 Charles Mintz bai ƙwace wa Walt Disney zomonsa Oswald ba, tare da janye mafi yawan masu yi masa zane, da ba a ƙirƙiro ɓeran nan Mickey Mouse ba, da kuma duniyar katun ta zama wata daban. A kan wannan zato suke cika shafuka, suna naɗa wannan kamfani sarauta, suna tuɓe wancan.

Malamai sun bambanta mana "da a ce" ta mai fushi da ƙaddara, wadda aka hana, da "da a ce" ta mai neman darasi. Ta biyun muke nufi. Kuma da ita muke cewa tambayar waɗannan mutane ta wofi ce. Ko zomo ko ɓera, me ya dami uban da ɗansa ke durƙushe gaban akwatin talabijin tun daga la'asar har a kira sallar isha'i? Mararrabar gaskiya tana wani wuri, kuma doka da kuɗi ne suka shata ta.

Tun 1968 wasu iyaye mata a Amurka, cikinsu har da Peggy Charren, suka kafa ƙungiyar Action for Children's Television domin yaƙi da cusa wa yara talla. Sun samu nasara gwargwado: a 1974 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta fitar da ƙa'idojin rage talla a shirye-shiryen yara da raba shiri da talla. Sai Ronald Reagan ya hau mulki a 1981 ya ɗora Mark Fowler a kan hukumar, mutumin da aƙidarsa ita ce a bar kasuwa ta yi halinta. Zuwa 1984 an kwance takunkumin.

To, dubi abin da ya biyo baya, ya ɗan'uwa. Kamfanin Mattel ya riga ya ƙera ɗan tsanan He-Man, sannan a 1983 aka tsara masa katun. Kamfanin Hasbro ya yi haka da G.I. Joe a wannan shekara, da Transformers a 1984. A da ana ƙaga labari, idan ya karɓu a yi masa kayan wasa. Yanzu kaya ke zuwa farko, labari ya biyo shi a matsayin ɗan aike. Rabin sa'a cur na talla, an yi masa ado da kiɗa da faɗa, yaro kuwa bai san ciniki ake yi da shi ba. Da majalisar ƙasar ta zartar da dokar gyara a 1988, Reagan ya ƙi sa mata hannu. Sai a 1990 aka samu dokar da ta kayyade talla: minti 10 da rabi a kowace sa'a a ƙarshen mako, minti 12 a sauran ranaku. A lokacin an riga an cika rumbuna da irin waɗannan fina-finai, ana sayar wa tashoshin ƙasashe matalauta da araha, namu ma ba su tsira ba.

Ga tarihin da ya cancanci a yi zato a kansa. Da ƙa'idojin 1974 sun tsaya da ƙafarsu, da mai ƙera kayan wasa bai zama shi ne mai biyan marubucin labari ba, kuma wanda ya biya shi ke faɗin abin da za a rubuta. Ba mu ce da katun ya zama makarantar allo ba. Ɓarnarsa ta girmi Reagan. Amma da an rage masana'anta guda wadda jarinta shi ne kwaɗayin yaro.

Masu ce mana "ai wasan yara ne kawai" su amsa: wane ɗan kasuwa ne ke zuba miliyoyin daloli a abin da ba ya shiga zuciya? Masu cewa kuma haka sana'ar take, babu makawa, ƙasar Malesiya ta ƙaryata su. A 2007 kamfanin Les' Copaque ya fito da Upin & Ipin, labarin tagwaye marayu da ke koyon azumin Ramadan a ƙauye, ya kuma samu kasuwa har Indunusiya. Hukuncin zane da sura muna barinsa ga malamai. Sai dai yayin da ake jiran fatawa, akwatin yana kunne a falo, wayar uwa tana hannun ɗan shekara uku, kuma wanda ya tsara abin da yake kallo ya san farashin kowane minti.