Sharhi: Albashin Wata Ko Kwangilar Dala?

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a shekarar 2024. Ba abin mamaki ba ne da matasa masu rubuta manhajar kwamfuta a Legas, Abuja da Kano suke ajiye aikin albashi, suna farautar kwangila daga Turai da Amurka ta dandalin Upwork da makamantansa.

A ganinmu, wanda hannunsa bai faɗa ba ya yi hattara. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashin ma'aikaci a asusun ritayarsa. Mai zaman kansa kuwa shi zai tanadi tsufansa, shi zai sayi man janareta, ranar da ya kwanta ciwo kuma babu ko sisi. Uwa uba, babu wani gogagge a kansa da zai duba aikinsa ya nuna masa kuskure.

Su kuma masu kamfanoni da ke kukan ma'aikata na gudu, yaushe rabonsu da sake duba albashi tun faɗuwar naira?