Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Kansas City Royals

Zuwa ga Mista John Sherman da abokan shugabancinsa,

Na rubuto ne ina murna, amma da damuwa a raina.

A 2023 ƙungiyar besbol ɗinku ta sha kashi sau 106. A 2024 ta ci wasa 86, ta shiga zagayen neman kofi karon farko tun 2015, ta fitar da Baltimore kafin Yankees su tsayar da ita. Kun ɗaure Bobby Witt Jr. da kwantiragin shekara 11, kun ɗauko Seth Lugo da Michael Wacha su riƙe jifa. Wannan kam kun kyauta, ba mai musu.

Damuwata filin wasa ce. Ranar 2 ga Afrilun 2024 mutanen gundumar Jackson suka ƙi amincewa da harajin gina sabon fili, daga nan kuma aka yi ta raɗe-raɗin ƙaurar ƙungiyar. Waɗannan mutanen fa su ne suka zauna a filin Kauffman shekara da shekaru ana lallasa ƙungiyar a gabansu, ba su gudu ba. Bayan abu ya yi daɗi a 2024, bai dace a saka musu da fargaba ba.

Ina roƙonku ku fito fili ku ce Royals ba za ta bar birnin ba. Ku baje wa jama'a cikakken tsarin ginin da kuɗinsa kafin ku sake neman harajinsu. Kuma ku rage kuɗin tikiti, yadda ma'aikaci zai iya kai 'ya'yansa kallo.

Naku cikin girmamawa,
Wani magoyin bayan Royals