Iyakar Da Ta Ciyar Da Lukzambur Ita Ce Ta Shaƙe Gaya

Duk ma'aikacin gwamnatin da ya yi aiki a jihar Dosso cikin shekaru talatin da suka wuce ya san sunan Lukzambur, ko da kuwa bai iya nuna ta a taswira ba. Sunan yana rubuce a allunan da ake kafawa a bakin rijiyoyi da ajujuwan lakwal da cibiyoyin koyon sana'a, domin a shekarar 1989 wannan ƙasa ta fara hulɗar taimako da Nijar, kuma jihar Dosso ta samu kaso mai tsoka. Abin mamaki shi ne ba a cika tambayar daga ina ƙasar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin jihar Dosso ba ta samo abin da take rabawa. Amsar ta shafi mutanen Bana da Gaya fiye da kowa, saboda wurin zamansu da na Lukzambur kusan iri ɗaya ne.

Faɗin Lukzambur murabba'in kilomita 2,586 ne kacal: tsawonta kilomita 82, faɗinta 57. Ba ta da teku. Beljiyam na yamma da ita, Jamus na gabas, Faransa na kudu. Arewacinta tuddai ne da dazuzzuka masu ƙarancin albarkar noma, kudancinta kuma filin noma ne da jar ƙasa mai ƙarfe. Mutanenta ba su kai dubu 700 ba, kuma kusan rabinsu baƙi ne. A ƙarni na 19 talauci ya kori dubban manomanta zuwa Amurka, kamar yadda rani ke korar samarin yankin Gaya zuwa Kwatano da Legas. A shekarar 1839 aka yanke fiye da rabin ƙasarta aka bai wa Beljiyam. Sojan Jamus sun mamaye ta a 1914, suka sake mamaye ta a 1940. Wannan ba tarihin ƴan gata ba ne.

Shi ma mutumin Bana, da ke cikin kwarin dallol a arewa maso gabas da Gaya, tsakanin ƙasashe uku yake kwana. Kamba ta jihar Kebbi tana nan kusa, Malanbil tana ƙetaren kogin Kwara. Yankin ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, yana da rake da rogo da giginya da gishirin Foga, kuma a kasuwa ɗaya ana jin Dandanci da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Kyanganci, a rubuta takardar duwan da Faransanci, a biya da sefa ko da naira. To me ya sa iyaka ta zama rumbu ga waɗancan, ta zama tarko ga waɗannan?

Shugabannin Lukzambur sun gane tun da wuri cewa ƙaramar ƙasa ba ta da makamin da ya fi takardar yarjejeniya. A 1842 ta shiga ƙawancen duwan na ƙasashen Jamus, wanda ya buɗe wa ƙarfenta kasuwa. Da yaƙin duniya na farko ya rusa wannan, sai ta ƙulla ƙawancen tattalin arziki da Beljiyam a 1921, sannan Benelux a 1944, sannan ta zama mazaunin hukumar kwal da ƙarfe ta Turai a 1952. Da kasuwar ƙarfe ta faɗi a tsakiyar shekarun 1970, bankuna da asusun zuba jari suka maye gurbi, har ta zama ta biyu bayan Amurka a wannan fanni. A ranar 14 ga Yunin 1985, cikin jirgin ruwa a kan kogin Mozel, daf da wani ƙauyenta mai suna Shengen inda iyakarta ta haɗu da ta Faransa da ta Jamus, ƙasashe biyar suka sa hannu kan yarjejeniyar cire shingayen bincike a tsakaninsu. Shengen ɗin nan da ƴan kasuwa ke wahalar neman bizarsa a Yamai sunan ƙauye ne na bakin kogi a mahaɗar ƙasashe uku, wanda bai kai Gaya girma ba ko kusa. Sakamakon haka mutum fiye da dubu 200 ne ke tsallakowa daga maƙwabta kowace safiya su yi aiki su koma gida da yamma. Kai, hatta man fetur ya fi araha a can, direbobin maƙwabta suna zuwa su cika tanki, gwamnati tana karɓar harajinta. Irin wannan ciniki idan aka yi shi a hanyar Kamba sunansa fasa-ƙwauri.

Sai dai yarjejeniya da maƙwabci ba ta ɗorewa idan a cikin gida doka ba ta fi ƙarfin mai mulki ba, kuma a nan ne tsarin sarautar Lukzambur ya cancanci nazari. Ƙasar tana da sarki na gado, amma mulki yana hannun majalisar wakilai 60 da ake zaɓa kowace shekara biyar, da gwamnatin da majalisar ta amince da ita. Da aka zargi sarauniya Mari-Adelayid da kusantar Jamusawa lokacin mamaya, sai ta sauka a 1919, aka tambayi jama'a ta hanyar ƙuri'ar raba gardama ko suna son sarauta ko jamhuriya, fiye da kashi uku cikin huɗu suka zaɓi sarauta a ƙarƙashin ƙanwarta Sharlot. A 2008 sarki Hanri ya ce zuciyarsa ba ta yarda ya amince da wata doka da majalisa ta zartar ba, wadda ta halatta wa likita ya taimaki marar lafiyar da ya fid da rai ya mutu. Musulmi da yawa za su ce sarkin ya yi gaskiya. Duk da haka ba a rushe majalisa ba, soja bai fito daga bariki ba, ba a kuma tuɓe sarki ba. An gyara aya guda ta tsarin mulki a 2009, aka ɗauke masa ikon amincewa, aka bar masa sa hannun shelanta doka. Ya ci gaba da sarauta har ya sauka don kansa a watan Oktoban 2025 ya miƙa wa ɗansa Giyom. Mai ajiyar kuɗi a banki yana kallon irin wannan, ya san ƙa'idar da ya tarar jiya ita zai tarar gobe.

A dubi abin da ɗan kasuwar Gaya ya gani cikin ƴan shekaru. A watan Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa dare ɗaya, sai a Disambar 2020 ta fara buɗewa, shinkafa da gwanjo suka yi ta lalacewa a sito. A ƙarshen Yulin 2023, bayan juyin mulki, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe gadar Malanbil da hanyar Kamba lokaci guda. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Nijeriya ta buɗe a Maris, Benin ma ta buɗe nata ɓangaren, amma mahukuntan Yamai suka bar nasu a rufe bisa zargin cewa Benin na ɓoye sansanonin sojan Faransa, zargin da Kwatano ta musanta. Shekarar 2025 ta shigo ta tarar da gada a rufe, manyan motoci suna zagayawa ta Lome da Burkina Faso da rakiyar soja, fasinja da buhunan masara suna ƙetare kogi a kwalekwale. Ba wanda ke musun cewa akwai matsalar tsaro, ga ƴan bindiga a dajin W ba nisa. Amma a cikin waɗannan hukunce-hukunce duka, na Abuja ne ko na Yamai, wane ne ya tambayi mai noman rake na Bana ko lebura na tashar Gaya? Ko majalisun ƙananan hukumomi da za su iya kai kuka an rushe su a Afrilun 2024, aka naɗa kantomomi. Sarakunan kanto suna nan da mutuncinsu, su ne ke sasanta manomi da makiyayi, kuma danginsu na aure da na jini suna Kamba suna Malanbil, amma babu wata doka da ta ba su murya a kan buɗe iyaka ko rufe ta.

Batun harshe ma haka yake. Dokar 24 ga Fabrairun 1984 ta mai da Lukzamburanci harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen rubuta doka, ta kuma ce a ofis da kotu ana iya amfani da waɗannan biyu da Jamusanci, kuma ma'aikaci ya amsa wa mutum, gwargwadon iko, da harshen da ya rubuto. Wannan ayar ta ƙarshe ita ce mai amfani ga talaka. A Nijar kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mataki ne da Bahaushe zai yi murna da shi, amma murnar za ta yi tsami idan Badande da Bazabarme da Bafulatani suka ji an bar su a baya, ko kuwa idan takardar duwan da sammacin alƙali suka ci gaba da zuwa da harshen da mai shago ba ya karantawa. Abin da ya rage shi ne ayar da za ta tilasta wa ofis ya saurari mutum da harshensa.

Kada a ɗauka Lukzambur gidan waliyyai ce. Takardun da suka fallasa a 2014 sun nuna yadda manyan kamfanonin duniya ke fakewa a can don guje wa harajin ƙasashen da suka samo riba, ciki har da matalauta. A 2015 kuma ƴan ƙasar, da babban rinjaye, suka ƙi bai wa baƙin da ke zaune tare da su damar zaɓen majalisa. Ba kuma za a ce Gaya ta zama garin bankuna ba. Abin da ake nema bai kai haka ba: yarjejeniya rubutacciya tsakanin Yamai da Kwatano da Abuja wadda za ta ware zirga-zirgar mazauna iyaka da kayan abinci daga rigimar shugabanni, da katin mazaunin iyaka, da kwamitin da sarakuna da ƴan kasuwa da zaɓaɓɓun wakilai na Gaya da Malanbil da Kamba za su zauna a ciki, da wa'adin sanarwa kafin a rufe hanya. Buƙatar ta ƙara tsananta tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, domin ƙa'idar walwalar jama'a ta 1979 yanzu ta dogara ne ga alherin gwamnatoci.

Masu cewa hakan ba zai yiwu ba sai su dubi bututun man Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya ratsa yankin Gaya ya ƙetare kogi zuwa gaɓar tekun Benin. Shi ma rigimar ta taɓa shi a watan Mayun 2024, amma da yake akwai yarjejeniyar 2019 tsakanin ƙasashen biyu, akwai kuma kamfanin Sin da ya zuba kuɗinsa, cikin ƴan watanni aka daidaita, jiragen ruwa suka ci gaba da lodi alhali gadar da ke sama tana rufe.