Shekarun Shago Ba Asara Ba Ne



Yau ina so mu tattauna wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato halin da yaran 'yan kasuwa ke shiga idan sun tashi neman jami'a. Mu da iyayenmu da kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Haɗeja suka zauna a Lamisula da Hausari da Gwange, akasarinmu a shago muka buɗi ido. Yaro zai gama sakandare, ya yi shekara uku ko huɗu a rumfar mahaifinsa a Kasuwar Monday ko ta Gamboru, yana auna kaya, yana rubuta bashi, yana ciniki da Barbarci da Larabcin Shuwa, yana canza sefa zuwa naira a ka ba tare da biro ba. Amma ranar da ya zauna cike fom ɗin JAMB, babu gurbi ko ɗaya da zai rubuta wannan duka.

Abin da ake dubawa sananne ne: makin jarrabawar JAMB cikin 400, da kiredit biyar har da Turanci, da kuma Lissafi a akasarin fannoni, sai tantancewar da kowace jami'a ke yi. A jami'o'in tarayya kuma ana raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Duk wanda ke zaune a jihar da ba ta kakanninsa ba ya san yadda takardar shaidar ƙaramar hukuma ke zama ƙarfen ƙafa a nan. To ga wannan, ga kuma abu guda da muka fi kowa da shi ba a lissafa shi.

Abin mamakin shi ne, tun 2006 gwamnatin tarayya ta umarci manyan makarantu su riƙa koyar da darasin sana'a da dogaro da kai ga kowane ɗalibi, ko likita zai zama. Wato a cikin aji ana koya wa ɗalibi yadda ake juya jari a kan allo, alhali wanda ya juya shi da hannunsa yana bakin ƙofa.

A Amurka, fom ɗin Common App yana da wurin da ɗalibi zai rubuta aikin da ya yi, har da ɗawainiyar gida. A Ingila ma, ana tambayar mai nema abin da ya yi a wajen makaranta wanda ya shirya shi ga karatun da yake so. Ko a nan gida, hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin gwada wanda ya koyi sana'a a wajen aji ta ba shi shaida. Ke nan ba baƙon abu nake kawowa ba.

Na san za a ce wannan ƙofar ƙarya ce, kowa zai kawo wasiƙa daga kawunsa cewa ya riƙe shago. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a yafe wa kowa Turanci ko Lissafi. Abin da nake roƙo shi ne jami'o'inmu su ware ɗan maki kaɗan a wajen tantancewa, musamman ga masu neman Akanta da Tattalin Arziki da Harkar Kasuwanci, kuma a nemi hujja: rajistar CAC, ko bayanin banki, ko shaidar ƙungiyar 'yan kasuwa. Sannan a zaunar da yaro minti goma a tambaye shi yadda yake fitar da riba idan farashi ya tashi yana da kaya a ƙasa. Maƙaryaci ba zai kai minti biyu ba.

Kafin a kai ga nan, mu ma da namu aikin. Gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairun 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 sun nuna mana littafin bashi ba ya jure wuta ko ruwa. A ɗauki hotonsa a waya, a adana. Idan kuma dama ta zo ta neman tallafin karatu inda ake rubuta bayanin kai, kada ka ce kawai "na taimaki Baba a shago". Faɗi shekara nawa ka yi, wane kaya, mutum nawa ke ƙarƙashinka, da yadda kuka tashi bayan asara. Kada ka ji kunya, kada kuma ka ƙara gishiri.

Ku kuma iyayenmu, Allah Ya ƙara girma, don Allah idan jarrabawa ta matso a sallami yaro daga la'asar ya je ya yi karatu. Wata uku kacal ne. Ɗan da ya san kasuwa ya kuma san boko, ai shagon zai dawo wa da amfanin.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.