Maganin yara na buƙatar hannun gwani

A shekarar 1990, yara 47 sun rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda. Kafa NAFDAC a 1993 ya ƙarfafa sa ido kan jabun magunguna. Sai dai ko sahihin magani yana iya cutar da yaro idan aka kuskure awo.

Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Farasitamol, alal misali, miligiram 15 ne ga kowane kilo a sha ɗaya. Uwa daga unguwar Abbatuwa a Jos, wadda aka ce mata "cokali ɗaya" kawai, za ta iya ɗaukar babban cokali maimakon ƙarami, ta ninka awon sau uku. Mai harhaɗa magunguna na asibiti shi ne na ƙarshe da zai duba lissafin likita, ya tambayi nauyin yaron, ya nuna mata awon da sirinji.

Wannan ƙwarewa sai da horo. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Najeriya su wajabta horo kan maganin yara a asibitocin tarayya. Jami'an da ke tsara kasafi kuwa su ware masa kuɗi na musamman, har da na ma'aunin nauyi da sirinjin awo a kowane ɗakin magani.